Babu Ɗaki Ga Telmo

"Ko bargo kada wata ta ara masa," in ji Baba Baltazar. "Na faɗa a bakin gada, na faɗa a ƙofar coci, yanzu ina faɗa a gidana. Duk matar da ta ba yaron nan ɗaki a tsibirin nan, ni da mijinta ne."

Idalina tana durƙushe tana hura gawayi, ba ta ɗago ba. In an tambaye ta, cewa za ta yi hayaƙi ne ya sa idonta ruwa.

"Da ke nake magana."

"Na ji, Baba."

"Kin ji, amma hankalinki yana bakin gada."

Bai yi ƙarya ba. Can Telmo yake tun jiya da yamma, a gadar da jirgin fito ke tsayawa.

Watan Agusta ne, watan da kowane gida a tsibirinmu yake komawa masauki. Mu kwashe komatsanmu mu koma rumfar baya inda ake ajiye ragar kamun kifi, mu bar wa mutanen Lisbon, babban birni, gadajenmu da tukwanenmu, su zo su yi ta gasa fatarsu a bakin teku. Jirgin fito na tsayawa mata za su yi caa a kan baƙi da makullai a hannu: "Ɗaki! Ɗaki mai kallon ruwa!" Ko da kare ka zo, za a sama masa wurin kwana.

Amma Telmo ya sauko da 'yar jakarsa da farar rigarsa ta zuwa coci, ya bi gida-gida tun daga gada har ƙarshen gari, ko'ina amsa ɗaya ce, an cika. Har tsohuwar da kowa ya san ɗakunanta a rufe suke babu kowa, ta dube shi ido cikin ido ta ce an cika. A kan bencin gada ya kwana a zaune.

Laifinsa ɗaya, ɗan kan dutse ne. Can cikin tuddai aka haife shi, inda ba su san wani ruwa ba sai na rijiya. A Olhão, garin da ke ƙetaren ruwa, suka haɗu da Idalina, a masana'antar kifin gwangwani inda take aiki da hunturu, shi kuma yana kawo man zaitun a mota. Baba Baltazar kuwa 'ya ɗaya Allah ya ba shi, da gida ɗaya, da gona ɗaya a cikin lakar teku inda ake kiwon ƙumbar da ake ci, wadda ya gada daga ubansa. Ya rantse ba zai bar su a hannun mutumin da bai san bambancin gaban jirgi da bayansa ba. Ga Fausto, maƙwabcin gonarsu, yaron da ya tashi a gabansa, yana son Idalina tun suna makaranta.

Da uwarta, Inna Zulmira, ta aike ta ɗebo wa baƙi ruwa, Idalina ta ɗauki bokiti ta zagaya ta bakin gada.

Yana nan. Rigar ta yamutse, idonsa ya yi ja. Yana ganinta ya miƙe yana murmushi, sai ta ji kuka ya taho mata.

"Ka koma, Telmo. Don Allah ka bi jirgin safe."

"Babanki na zo gani."

"Ba zai gan ka ba."

"To zan zauna har ya gaji da hango ni."

"Ka ci wani abu kuwa?"

"Na ci iska, tana da gishiri." Ya yi dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. "Idalina, kin san yadda na ƙetaro jiya? Idona a rufe, na ƙanƙame benci, wata yarinya 'yar mitsitsiya tana ce min in yi haƙuri an kusa. Ni da ruwan da ya fi zurfi da na taɓa shiga shi ne kwamin alfadarin kakana. Kina so in sake shan wannan wuya hannu rabbana?"

"Wasa kake yi, ni kuwa tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"An ce yaran Fausto sun zo maka jiya."

Murmushin ya ragu. "Sun zo. Sun ce in suka sake samuna a nan yau, za su koya min iyo kyauta."

Ta san su sarai. Ba kashe shi za su yi niyya ba, jefa shi kawai za su yi daga kan gada su yi dariya, don a kansu ba ya shiga cewa akwai ƙaton da ruwa zai iya ci.

"Telmo, in kana sona ka tafi. Hunturu na zuwa, zan dawo Olhão, mu san abin yi. Ka ji?" Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "In wani abu ya same ka a garin nan, ni ma ba zan yi rai ba. Ka ce min za ka tafi."

"Zan duba," ya ce.

Ta ɗauki bokitinta. Tana isa gida ta ji jirgin safe ya yi hon ya tashi, ta yi alamar gicciye, ta ce wa ranta Telmo ya tafi.

* * *

Da rana ta take, Fausto ya shigo da kwalbar ruwan inabi a hammata, ya gaida Inna, ya zauna inda Baba ya nuna masa. Ranar jajiberen bikin Maryamu ta masu jirgi ce, Inna ta gasa kifin sadin da yawa, ga burodi, ga tumatir da man zaitun. Iskar gabas ta tashi tun hantsi, ta fara turo hazo daga teku, mutanen Lisbon sun dawo daga bakin ruwa suna mita an cuce su.

"Baƙonmu ya ɓace daga gada," in ji Fausto yana ɓare kifi.

"Ya yi wa kansa," in ji Baba. "Ya koma wurin awakinsa."

"A'a, Kawu Baltazar, bai hau jirgi ba fa. Ina tsaye jirgin ya tashi."

Idalina ta juyo da sauri. Cokali ya suɓuce daga hannun Inna ya faɗa cikin yashi.

Baba ya dubi matarsa. Ya daɗe da zama da ita, ya san irin wannan shirun. A hankali ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke jikin dirkar rumfa, inda ake rataye makullin bukkar gona. Babu komai a jikinta.

"Zulmira. Ina makullin?"

Inna ta sunkuya tana neman cokali.

"Zulmira!"

"To ni na ba shi!" Ta ɗago. "Ɗan mutane ne, Baltazar, uwa ce ta haife shi kamar kowa. Ina ji ina gani a jefa shi a ruwa? Na ce ya je bukka ya yi barci, ba mai ganinsa a can, gobe ya kama hanya. Na ba shi burodi da cuku, na raka shi bayan gari na nuna masa da hannu. Ruwa ya ja sarai, naɗe wando kawai ya yi ya ƙetare."

Baba ya buga tebur har kwalba ta yi tsalle. "A gidana! Matata! Gobe da wane ido zan dubi mazan garin nan?"

Idalina ba ta ji sauran faɗan ba. Ta juya tana kallon bayan gari, inda da safe laka ce shimfiɗe har iya ganinka. Yanzu ruwa ne ke sheƙi a wurin, can gaba kuma hazo ya rufe komai.

"Inna," ta ce a hankali. "Kin gaya masa?"

"Na gaya masa me?"

"Cewa ruwa zai dawo."

Inna ta dube ta sororo. "Yo wa ake gaya wa ruwa yana dawowa?"

To, ka ji mu. Mu nan ba a koya wa kowa wannan, kamar yadda ba a koya wa yaro cewa dare yana yi. Bukkar gona a kan dirkoki take. Ruwa ya zo ya kewaye ta, ya shige ta ƙarƙashinta, ya yi ta lasar katako yana ƙara, amma bai taɓa hawa daɓen ba tun da kakan Idalina ya kafa ta. Sai ka zauna ka miƙe ƙafa ka jira ya ja. Abin da ba a yi shi ne sauka, don kwarin da ke tsakanin bukka da gari shi yake fara cika. Inda ka taka da safe ruwa iya idon sawu, da rana ya shanye ƙato har hannunsa a ɗage, ga gudu. Jiya kuma wata ya cika, ruwan yau babba ne.

"Sai ya zauna ya jira, kamar kowa," in ji Baba.

"Shi ba kowa ba ne, Baba!" Ta miƙe, kujera ta kife. "Bai yi barci ba jiya. Zai kwanta a kan busasshiyar ƙasa, ya farka ya ga ruwa ta tsakanin katako, gabas ruwa, yamma ruwa, ga hazo. Me zai ce? Cewa zai yi bukkar za ta tafi da shi! A wurinsu in ruwan sama ya gangaro kwari, wanda ya zauna shi ne gawa. Tun suna yara abin da ake gaya musu ke nan, in ka ga ruwa ka yi tudu da gudu. Sauka zai yi, Baba. Na san shi, sauka zai yi!"

Fausto ya fashe da dariya. "Haba Idalina! Ya sauka daga busasshen ɗaki ya shiga ruwa? Ko akuya ba ta yin haka."

"Bai iya iyo ba!"

"Kowa ya iya ɗan kaɗan."

"Ko kaɗan ɗin bai iya ba!"

Inna ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Allah, na kashe ɗan mutane. Wayyo Maryamu, ni da na ce taimako nake yi!"

"Ke yi mana shiru," in ji Baba. "Ba abin da zai same shi sai ɗan tsoro, tsoron kuma maganinsa ne. Gobe da kansa zai nemi jirgi." Amma bai sake kai hannu kan kifin ba.

"Baba, ka fito da jirgi."

"Wane jirgin? Wanda ke kan itace fenti bai bushe ba, inji a kwance ɗaiɗai?"

Ta manta. Saboda bikin gobe aka ja shi tudu. Sauran mazan masu jirgin inji duk sun tafi Olhão sayo furanni da kayan biki. Kwalekwalen hannu kuwa, kafin ta tuƙa shi ta kai cikin wannan ruwa mai gudu, abin da zai faru ya riga ya faru.

Jirgi ɗaya ne ya rage a bakin gada, sabo fil, mai babban inji, wanda ake zagayawa da baƙi. Ta juyo ta dubi mai shi.

"Fausto."

"A'a."

"Fausto, don girman Allah."

"In fita cikin wannan hazo, in kafe jirgina a yashi ana gobe biki, don in je in tarar da ƙato yana minshari?"

Ta zube a gabansa gwiwa biyu. Idalina, wadda ko gaisuwarsa ba ta cika amsawa ba. "Tare muka tashi, Fausto. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Tare muka tashi." Ya kau da kai, muryarsa ta canza. "Shi ne abin da yake ci na. Ni na ɗauke ki a baya ranar da kifi mai ƙaya ya soke ki. Ni na yi ta jiranki kina ce min ke ba yanzu ba. Sai wani ya zo da motar mai, hunturu ɗaya, shi ke nan. Yanzu kuma ni zan je in ɗauko miki shi? Ni ma fa zuciya gare ni, Idalina."

"Mutuwa zai yi!"

"Ba mai mutuwa a bukkar gona."

Ta dubi ubanta, ya dubi ƙasa. Ta dubi uwarta, kuka take yi. Ta dubi ruwan. Turken da ɗazu take gani a bayan gari ya nutse, kansa kawai ya rage. Duk maganar da ake yi a nan, ruwa bai tsaya jiran kowa ba.

Ta kama ƙaramin gicciyen da ke wuyanta, ta damƙe shi.

"Ka kai ni yanzu, zan aure ka."

"Idalina, kar ki!" in ji Inna.

"Na rantse da wannan, a gaban iyayena, ana gobe bikin Maryamu. Ko mun same shi yana barci, ko mun same shi a ruwa, ko ba mu same shi ba. Ka ta da inji kawai, ni taka ce."

A garinmu ba a wasa da irin wannan rantsuwa, matan masu jirgi sun fi kowa sanin dalili.

"Ban roƙe ki ba fa," in ji Fausto.

"Na sani."

"Kawu, ka ji?"

Abin da Baba Baltazar ya daɗe yana nema ke nan, amma ba alamar murna a fuskarsa. "Na ji," ya ce. Ya miƙe ya ɗauki gorar tuƙi. "Ku mu je."

* * *

Suna barin gada hazo ya haɗiye gari. Baba yana tsaye a gaba da gora, yana duban turakun gonaki ɗaya bayan ɗaya, yana nuna hanya da hannu. Fausto na baya riƙe da inji. Idalina na tsakiya, tana addu'ar da ita kanta ba ta san me take cewa ba.

"Ƙara wuta, Fausto."

"In na ƙara za mu hau yashi."

"Ƙara!"

Ya ƙara.

Can sai ga bukka ta fito daga cikin hazo, baƙa, tsaye a kan dirkokinta. Ƙofa a buɗe take.

"Telmo!"

Tun jirgi bai gama tsayawa ba ta yi tsalle ta haye. Ga jakarsa. Ga burodin Inna an gutsura gefe. Ga buhunan da ya shimfiɗa ya kwanta, har da shatin jikinsa. Daɓen a bushe yake ƙarau, ruwa na ƙarƙashi yana ƙara, saura kusan taƙi guda, inda kullum yake tsayawa.

Babu kowa.

Ta fito ta tsaya a ƙofa. Baba ya leƙa, ya dubi ɗakin, ya dubi tsanin da ya nutse cikin ruwa. Idalina ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar ubanta ba sai yau.

"Ya sauka," ya ce. Ya cire hula ya yi alamar gicciye. "Ubangiji ka yafe mana, yaron ya sauka."

Fausto ya dubi ruwan. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Shigo jirgi!" Baba ya daka mata tsawa. "In gari ya nufa, kwari ne a gabansa. In ruwa ya ɗauke shi, wajen gonarka zai kai shi, Fausto. Juya!"

Suka bi ruwan. Ba abin da ake gani sai fari. Kowane baƙin abu ta hango sai zuciyarta ta tsinke, in sun matso ta ga ciyawar ruwa ce ko guntun itace.

"Kashe inji," in ji Baba.

Fausto ya kashe.

"Kira shi."

"Telmo! Telmooo!"

Shiru, sai ruwa yana marin cikin jirgi. Wani tsuntsu ya yi kuka can sama.

"Sake."

"Telmo, ni ce! Don Allah ka amsa!" Muryarta ta tsage. "Ka amsa min, Telmo!"

Baba ya ɗaga hannu. Su duka suka riƙe numfashi.

Tari. Ƙaramin tari, daga hagu.

Baba ya dasa gora ya tura. Hazo ya ɗan buɗe, sai ga shi. Kai kawai ake gani da hannu biyu. Ya rungume wani siririn turken iyakar gona, ruwa ya kai masa haɓa, ya ɗaga fuska sama yana neman iska. Turken ya lanƙwashe yana rawa. Idonsa a buɗe suke, amma ba alamar yana ganin kowa.

"Riƙe, Telmo! Ga mu nan, kar ka saki!"

"Kar ki sa shi motsi!" in ji Baba. "Fausto, a hankali. In jirgi ya bugi turken, shi ke nan."

Amma ya ji muryarta. Ya juyo da kai, ya saki hannu ɗaya ya miƙo mata.

Turken ya karye.

Ko ihu bai yi ba. Farar rigar ta yi wal sau ɗaya a ƙarƙashin ruwa ta ɓace.

Idalina ta ɗora ƙafa a bakin jirgi, Baba ya cafke ta ta baya. Kafin ta fizge, wani abu ya wuce ta gefenta ya faɗa ruwa tsundum. Fausto ne, ko takalmi bai cire ba, ba kuma wanda ya ce ya shiga.

Ruwan ya rufe. Ta ƙura masa ido, ba komai sai kumfa tana tafiya.

"Baba..."

"Yi shiru."

"Baba, sun daɗe."

"Na ce ki yi shiru!"

Can gaba suka ɓullo tare, suna kokawa. Telmo ya shaƙe wuyan Fausto da hannu biyu kamar yadda mai nutsewa yake yi, suka sake nutsewa. Da suka ƙara tasowa Fausto ya ɗirka masa naushi, ya damƙi gashinsa, ya juya shi rigingine. Baba ya miƙa gora. Da ƙyar da jan hali suka jawo su cikin jirgi.

Telmo ya kwanta ba motsi, leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Ya mutu," in ji Idalina. "Baba, ya mutu."

"Matsa min!"

Tsohon ya durƙusa ya kifar da shi, ya danna, ya sake dannawa, yana zagi yana addu'a a haɗe. "Tashi, ɗan banza! Ba a gonata za ka mutu ba. Tashi, ɗan kan dutse, tashi!"

Sai ruwa ya yi tsartuwa daga bakinsa. Ya yi tari, ya yi amai, ya ja wani dogon numfashi mai ƙara. Idalina ta rushe da kuka, ta ɗora kansa a cinyarta. Baba ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓe shi, ya koma gefe ya zauna yana haki.

"Wawa," ya ce a hankali. "Da ka zauna, ko tafin ƙafarka ba zai jiƙe ba."

"Na ga ruwa... ta tsakanin katako," in ji Telmo, haƙoransa na haɗuwa. "Yana ta hawowa. Ba wanda ya ce min yana tsayawa."

Idalina ta ƙara ja masa rigar Baba har wuya.

Da numfashinsa ya ɗan daidaita, ya juya kai yana neman wanda ya ciro shi. Fausto yana zaune kusa da inji, ruwa na ɗiga daga gashinsa, wuyansa duk shatin farce, leɓensa na jini. Telmo ya miƙa hannu da ƙyar ya kama nasa.

"Ɗan'uwa, na kusa tafiya da kai. Ka yafe min."

"Ba komai," in ji Fausto, bai dube shi ba.

"Da komai mana. Ba ka san ni ba, ka shiga ruwa domina." Ya ƙara damƙe hannun. "Ni ba ni da ɗan'uwa namiji. In Baba ya yarda ya ba ni Idalina, kai za ka tsaya a bayana a coci ranar aurenmu. Ba wani, kai. Ka yarda?"

Baba Baltazar ya juya musu baya yana kallon hazo.

Telmo ya ɗago ido ya dube ta yana murmushi. "Ke kuma kukan ya isa haka, ai ga ni da rai. Gaya min sunan mutumin nan."

Fausto ya ɗago, a karon farko ya dube ta. Bai ce ta faɗa ba, bai kuma ce ta bari ba.

"Fausto ne," ta ce.

Telmo ya san sunan, ta sha faɗa masa shi a Olhão. Murmushin ya tsaya a fuskarsa, hannunsa har yanzu yana cikin na Fausto.

"Fausto," ya maimaita. Ya dubi sabon jirgin, ya dubi ƙeyar Baba, ya dawo da ido kanta. "Idalina, ta yaya kika sa shi ya fito nemana?"

Ta cire hannunta daga cikin gashinsa a hankali, ta ɗora a kan gicciyen wuyanta.

"Shi zan aura, Telmo. Na rantse kafin mu taso."